Sayen kaya wa ƙungiyar agaji: daga takardar buƙata a Abuja har mota ta sauke a Monguno

Ɗan yayata ya samu aiki a sashen sayen kaya na wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa nan Abuja, ranar Asabar da yamma sai gashi a gidana Kubwa da ɗan littafi a hannu wai "Kawu ka koya min aikin nan kafin Litinin". Na ce toh zauna ka sha shayi tukuna, abin da na shekara da shekaru ina tuntuɓe a cikinsa ba zai shiga kanka a kwana biyu ba. Amma dai mun zauna har bayan isha'i, da ya tafi kuma sai naga gara in rubuta abin da na gaya masa, don na san akwai ƙannenmu da yawa maza da mata da suke shiga layin nan, ofis yana Utako ko Jabi ko Asokoro, kayan kuma can zasu tafi Borno da Yobe da Adamawa inda rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutane tun 2009.

Mutane suna ɗauka duk wanda ya iya taya kaya a kasuwar Wuse ya iya wannan aikin. Ba haka bane wallahi. Abu biyu ake nema a wajenka, kayan da aka buƙata su isa hannun masu su da kyansu a kan lokaci, sannan ka bar fayil ɗin da zai yi magana a madadinka ranar da odita, wato mai binciken kuɗi, ya zo baka nan, ko kana nan amma ka manta me ya faru. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan waɗannan biyun yake tafiya.

Satin farko kar ka sayi ko allura. Ka nemi littafin ƙa'idar saye na ƙungiyarku ka karanta shi kamar zaka yi jarrabawa, sannan ka tambayi ƙa'idar masu bada kuɗin aikin, saboda kuɗin Tarayyar Turai da na Ingila da na Jamus da na Majalisar Ɗinkin Duniya kowanne da sharuɗɗansa, kuma in ƙa'idarku da tasu suka saɓa, wadda ta fi tsauri ake bi. Abin da zaka haddace shine iyakokin kuɗi, daga nawa zuwa nawa ne ake saye da kotashan ɗaya (takardar farashi daga ɗan kasuwa), daga ina ake neman uku, daga ina sai an buga tanda, wato tallan neman 'yan kwangila, a jarida kowa ya shigo, da kuma wa yake sa hannu a kowane mataki. Kowace ƙungiya da nata lissafin, ka rubuta naku a takarda ka manna a jikin kwamfutarka. Sai ka gane raba aiki: wanda ya nemi kaya daban, mai saye daban, mai karɓa a sito daban, mai biyan kuɗi daban. Ranar da ka samu kanka kai ka sayo kai ka karɓa kai ka sa hannu, ka tsaya, ko da zuciyarka fara ce tas. Akwai kuma wata dabara da zasu kawo maka da sunan taimako, wai a raba sayen gida uku don kowanne ya faɗo ƙasa da iyakar tanda a gama da wuri. Wannan shine abu na farko da odita yake dubawa, takardun saye uku, kaya iri ɗaya, sati ɗaya. Kar ka yarda.

Na biyu, lissafin shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a arewa maso gabas damina ce take rubuta maka jadawali ba shugaban ofis ba. Ƙasar wajen Dikwa da Ngala baƙar laka ce da mutanen can suke kira firgi, in ruwa ya sauka sosai tirela tana iya kafewa kwana da kwanaki, Rann kuwa ruwa yana yanke ta gaba ɗaya sai dai jirgi mai saukar ungulu. Kaga kenan duk abin da ake so ya kasance a can a watan Yuli da Agusta, tun Maris ko Afrilu ya kamata takardarsa ta zo teburinka. Hatsi kuma da kaka ake sayensa lokacin da Dawanau ta cika, in ka bari sai bazara ta yi nisa zaka biya kuɗin sakacinka. Ka sa azumi da sallah a lissafi, direbobi suna tafiya gida, 'yan dako suna raguwa. Ka bi masu gudanar da shirye-shirye ofis ofis a farkon shekara ka tambaye su me zasu buƙata, zasu ce maka basu sani ba tukuna, ka zauna a kujerarsu har su sani.

Yanzu takardar buƙata, wadda muke kira PR. Nan ne yawancin matsala take haihuwa, shi yasa zan daɗe a kai. Ba ka motsi sai ta zo da sa hannun mai kasafin kuɗi da lambar kasafin da za a cire, da yawan kaya, da inda za a kai, da ranar da ake so. Amma babban abin shine bayanin kayan. Ni da kaina na taɓa karɓar PR da aka rubuta "bokiti 2,000" kawai, ina sabon shiga, na tura ma 'yan kasuwa haka nan, wanda ya fi arha ya ci, aka kai Maiduguri. Wallahi bokitan nan in ka ɗaga su a rana kana hango yatsunka ta ciki, ba murfi, mariƙin kuma waya ce siririya, sati biyu aka turo min hoto daga sansani, wata baiwar Allah ta ɗaure nata da tsumma yana yoyo a kanta. Kuma ba abin da zan iya yi ma ɗan kwangilar don bokiti na ce, bokiti ya kawo. Daga ranar na koyi tambaya: lita nawa, da murfi ko babu, nauyinsa nawa, sabuwar roba ko narkakkiya, wane launi. Tamfol ka faɗi girmansa, mita 4 da 5 ne ko mita 4 da 6, kaurinsa, da ramukan ɗaure igiya. Wake ka faɗi irinsa, nauyin buhu, laimar da ke jikinsa kar ta wuce wajen kashi 13 ko 14 cikin ɗari, ba ƙwari ba tsakuwa, kuma a gwada shi a ɗakin gwaji saboda maganin ƙwarin da wasu suke zubawa a rumbu, wannan maganin ne fa yasa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Kar ka rubuta sunan kamfani ɗaya a bayanin, ka siffanta abin yadda kowa zai iya kawowa. In kuma baka san kayan ba, kamar famfon sola ko kayan asibiti, ka kira injiniya ko likitan shirin ya rubuta ya sa hannu, ba abin kunya bane.

Magani shi lamarinsa daban ne. Da yawa daga masu bada kuɗi basa yarda a shiga kasuwa a sayo, sai daga dillalan da aka tantance ko a shigo dashi daga waje, UNICEF ma babban sitonta a Kofanhegan yake. In daga waje ne, takardar yafe kuɗin kwastan daga ma'aikatar kuɗi da izinin NAFDAC ka fara nemansu kafin jirgin ruwa ya taso, in ba haka ba kwantena zata zauna a Apapa kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Sai neman masu kawo kaya. Takardun da ake nema sanannu ne, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lambar haraji da shaidar biyan haraji, asusun banki da sunan kamfanin ba da sunan mai shi ko matarsa ba, takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, ga sana'o'in da doka ta ɗora ma, in kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ce sai sun yi rajista a UNGM, shafinta na masu kawo mata kaya. Amma takarda ba ta isa ba, gani ya kori ji. Ka ɗauki abokin aiki ku je adireshin da aka rubuta. Na taɓa bin adireshin wani "babban kamfanin kayan gini" na tarar da shagon aski. Irin waɗannan mu 'yan jaka muke ce musu, kamfanin gaba ɗaya a cikin jakar hannu yake, in ya ci kwangila sai ya ruga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya karɓo bashi ya ɗora ribarsa, ranar da abu ya ɓaci kuma wayarsa a kashe.

Abin da ya bambanta aikinmu da na ma'aikatar gwamnati ko kamfani shine tantance sunaye. Kowane kamfani da daraktocinsa sai an bi sunansu a jerin takunkumi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Boko Haram take ciki tun 2014, da na Amurka da na Turai in kuɗinsu ne. Ka buga sakamakon da kwanan wata a jiki ka sa a fayil, kafin kwangila ba bayanta ba. Sunayenmu suna kama da juna, Muhammad Ali nawa ne a Najeriya, don haka in suna ya fito kar ka firgita kar kuma ka share, ka duba ranar haihuwa da ƙasa ka tura ma na sama dakai su yanke a rubuce.

Tambayar da kullum ake jayayya a kai, a saya a Maiduguri ko a Kano da Abuja? Ni ra'ayina duk abin da Kasuwar Monday ta Maiduguri zata iya bayarwa da inganci a saya a can, kuɗin mota ya ragu, kuɗin ya zauna a hannun mutanen da rikicin ya shafa, ɗan kasuwan can kuma ya san hanya ya san direbobi. Sai dai ka lura, in ka shiga ƙaramar kasuwa kamar ta Monguno ka kwashe gero buhu ɗaruruwa rana ɗaya, gobe farashi ya tashi a kan talakan da ba ya cikin jerin masu karɓar tallafi. Manyan saye a kai su Dawanau.

Wajen neman farashi, ko kotashan ne ko tanda, kowa a bashi bayani iri ɗaya rana ɗaya, lokacin rufewa ɗaya. In ɗaya ya yi tambaya ka amsa ma dukkansu a imel ɗaya. Ka rubuta ƙarara ina za a sauke kayan, sitonku na Maiduguri ne ko har Bama, wa zai biya lodi da sauke kaya, farashin da haraji a ciki ne ko babu, VAT dai kashi 7.5 ne tun 2020 sai ka tambayi sashen kuɗi matsayin ƙungiyarku a kansa. Ka nemi samfur, ka rubuta sunan kamfani a ƙasansa ka kulle a kabad. Sannan kwana nawa farashin zai tsaya. Wanda ya yi aikin nan a 2023 ya san abin da nake nufi, an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a Yuni aka saki naira, kotashan da aka baka ranar Litinin kafin kwamiti ya zauna ya zama tarihi, 'yan kwangila suna ta dawo da takardar oda suna bada haƙuri. Darasin da na ɗauka shine in ka nemi mutum ya riƙe farashi kwana 30 toh kai ma ka gama naka aikin cikin kwana 10, a yarjejeniyar dogon lokaci kuma a rubuta yadda za a sake duba farashi in kasuwa ta juya.

Ka iya karanta kotashan. Uku zasu zo da sunaye daban daban, amma ka ɗora su gefe da gefe, rubutu iri ɗaya, kuskuren harafi ɗaya a wuri ɗaya, lambar waya ɗaya a ƙasan biyu daga ciki, farashin kuma ɗaya ya ɗara ɗaya da kaɗan kaɗan kamar matakalar bene. Mutum ɗaya ne da kamfani uku. Wani lokaci ma daga cikin ofishinku aka kitsa.

Ranar buɗewa ba kai kaɗai ba, kwamiti ne, aƙalla mutum uku daga sassa daban daban, kowa ya sa hannu a takardar cewa bashi da alaƙa da masu neman. In ɗan ƙanin babanka yana ciki ka faɗa ka fita daga ɗakin, faɗin ba laifi bane, ɓoyewar ce laifi. A fara da takardu da samfur, wanda bai cika sharaɗi ba a ajiye shi gefe a rubuta dalili, sai a zo kan farashi. Ba dole bane mafi arha ya ci, araha bata ado, wanda ya faɗo ƙasa da farashin kasuwa sosai ko dai bai gane aikin ba ko yana shirin rage buhu. Amma in zaku tsallake mafi arha sai an rubuta dalili mai kama hankali, misali shi kwana 40 ya ce na biyu kwana 12 ga damina ta ƙarato. Kai ne sakatare, ka rubuta komai a ranar kowa ya sa hannu kafin a tashi, in ka bari sai gobe ɗaya ya tafi Yola ɗaya ya tafi hutu.

Toh ga inda ɗan yayan nawa ya gyara zama. Matsin lamba. Da zarar an ji kana sashen saye, dangin da rabonka dasu tun suna zasu tuna da lambarka, wani Alhaji zai tare ka bayan sallar Juma'a yace "ɗana ai mu naka ne, a riƙa tunawa damu", kafin babbar sallah kuma sai ka dawo gida ka tarar da rago a ɗaure a ƙofa ba ka san wa ya aiko ba sai ɗan kati a wuyansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni yadda nake yi ba na wulaƙanta kowa, in ce "Alhaji na gode Allah ya saka da alheri, amma ofis sun hana, in na karɓa aikina zai tafi kamfaninka ma a sa shi a baƙin littafi, ka taimake ni ka sa yaro ya zo ya ɗauka", washegari in rubuta ma shugabana imel layi biyu cewa ga abin da ya faru. Wanda yake son shiga harkar da gaske in nuna masa inda ake buga tallan tanda da takardun da zai haɗa, wannan taimako ne halal. Kar ka gana da ɗan kwangila kai kaɗai a gidan abinci lokacin da tanda take buɗe, ko ruwa kuka sha labarin da zai fita daban ne.

Akwai ranar da ƙa'ida bata isa. Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye rabin Maiduguri, ba wanda zai jira tanda ta sati uku mutane suna kwana a makarantu ba tabarma. Kowace ƙungiya tana da hanyar gaggawa, a tsallake wasu matakai a saya kai tsaye. Amma a rubuce, kafin saye. Takarda shafi ɗaya: me ya faru, me za a saya, me yasa wannan ɗan kasuwan, ya aka san farashinsa daidai ne, wa ya amince. In shugaba yana hanya ya turo amincewarsa ta imel ko saƙon waya ka buga ka sa a fayil. Bayan shekara biyu ba wanda zai tuna ruwa ya kai wuya, abin da za a gani kawai an ba mutum ɗaya odar miliyoyi ba gasa. Kuma gaggawa daban sakaci daban, wanda ya kwana da PR a durowarsa wata biyu sannan ya rugo yana cewa gobe ake so, wannan ba gaggawa bace.

Takardar oda, wato PO, ko kwantiragi, ita ce kaɗai izinin fara aiki. Kalmar nan "ka fara kawowa takarda tana tafe" ta kori mutane da yawa daga aiki. A ciki a sa bayanin kayan kamar yadda yake a tanda, ranar kawowa, tarar jinkiri, haƙƙin mayar da kayan da basu yi ba, kwana nawa za a biya. Kuɗin kafin alƙalami a guje shi, in dole ne sai da garantin banki. Ka karanta sakin layin soke kwangila da kyau, da can muna tsallake shi, sai da Amurka ta dakatar da ayyukan hukumar agajinta ta USAID a farkon 2025 aka wayi gari ana ce ma mutane ku tsayar da komai, ga kaya a hanya ga 'yan kwangila sun ci bashin banki, ranar kowa ya koma yana neman abin da sakin layin ya ce.

Sai hanya. Daga Abuja mota zata bi ta Jos da Bauchi ko ta Kaduna da Kano, duka su haɗu a Potiskum, sai Damaturu, sai Benisheikh, sai Maiduguri. Wannan yankin na ƙarshe ba a binsa da yamma, sojoji suna rufe hanya, harin da aka kai a Auno a Fabrairun 2020 kan matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofa har yau direbobi basu manta ba, don haka ka gaya ma mai motar a rubuce cewa in la'asar ta yi masa a Damaturu ya kwana nan. Daga Maiduguri zuwa ƙananan hukumomi kuma sai da izinin rundunar Operation Hadin Kai, ana tura jerin kaya da lambar mota da sunan direba kwanaki kafin tafiya, kuma abin da aka rubuta shi za a gani a motar, in an canza mota ko direba an koma farko. Man fetur da dizal da takin zamani suna da tsauri na musamman, kar ka sa hannu a odarsu sai ka zauna da jami'in tsaronku da na sufuri. Wannan ba wasa bane, a 2019 sojoji sun rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji biyu na wani lokaci bisa zargin da ya shafi inda kaya da kuɗi suke zuwa. Maganar bin ayarin sojoji ko rashin bi ba kai zaka yanke ba, manufar ƙungiya ce, ka tambaya. Ka duba inshora ma, da yawa basa biyan asarar yaƙi da ta'addanci sai an ƙara shi a rubuce, kuma kwantiragi ya faɗi a wuyan wa kaya suke har a sauke. Kafin ka kama hayar sito a Monguno ko Ngala ko Banki ka tambayi sashen sufuri na haɗin gwiwa da hukumar abinci ta duniya WFP take jagoranta ko akwai wuri a sitonsu na bai ɗaya, ƙananan kaya masu gaggawa kuma ana iya nema musu gurbi a jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHAS. Kowace mota da webil ɗinta, wato takardar rakiyar kaya, kofi ɗaya wajen direba ɗaya wajenka, ka riƙe lambar direban ka riƙa kiransa, ba don takura ba, shi ma ɗan wani ne ka tura hanyar nan.

Da kaya sun iso, mai sito da mutumin shirin su suke dubawa, kai naka ka tabbatar samfur ɗin nan da ka kulle a kabad ya riga motar isa. A ƙirga duka. A ɗora buhuna a sikeli, ba na bakin ƙofa ba, a sa 'yan dako su zaƙulo na tsakiya da na can ƙurya. Mun taɓa auna buhunan da aka rubuta kilo 50 a jiki, na waje duk daidai, na ciki 46 da 47, ka lissafa wannan a tirela guda. A soka buhu a ga ƙwayar, a shinshina. Abin da bai yi ba a rubuta a webil a gaban direba ya sa hannu, a ɗauki hoto, a mayar. Takardar karɓa, GRN, abin da aka karɓa da gaske za a rubuta a ciki ba abin da PO ta ce ba, kuma kar wani ya sa mata hannu daga Abuja kan kayan da aka sauke a Dikwa.

Biya kuma takardu uku ne sai sun yi daidai da juna, PO da GRN da inbois, wato takardar neman biya ta ɗan kasuwa, yawa ɗaya farashi ɗaya suna ɗaya. Sashen kuɗi zasu cire harajin da ake riƙewa daga tushe, ka gaya ma ɗan kasuwa tun farko kuma ka bi masa takardar shaidar an biya, don wannan yana jawo rigima fiye da yadda kake zato. Ta banki kawai, zuwa asusun da yake cikin fayil. In imel ya zo wai kamfani ya canza asusu, kar ka amsa imel ɗin, ka kira lambar da ka sani tun da ka tabbatar. Sannan dan Allah a biya mutane a kan lokaci, ɗan kasuwan Maiduguri da ya kai maka kaya Pulka da kuɗin aro ba zai iya jiran wata uku ba, in ka ja masa rai gobe ko ya ƙi zuwa ko ya ɗora kuɗin jiran a farashi.

Fayil ɗin ka jera shi yadda abin ya faru, PR a ƙasa, tallan tanda, kotashan duka har na waɗanda suka faɗi, sakamakon tantance suna, rahoton kwamiti, PO, webil, GRN, hotuna, inbois, shaidar biya a sama. Ka sikana shi ranar da ka rufe, masu bada kuɗi suna iya dawowa bayan shekaru su ce a kawo, takarda kuma ruwa yana cinta gara tana cinta. Waɗanda basu ci ba ka tura musu saƙon godiya layi biyu, zaka buƙace su a tanda ta gaba.

Ranar Litinin wajen sha ɗaya sai ga kiran ɗan yayan nawa, murya ƙasa ƙasa, wai Kawu an kawo min PR ta farko, tabarma 1,500 zuwa Gwoza, ba girma ba lambar kasafi, kuma mai shirin ta girme ni sosai tace yau take so. Na ce ka ɗauki takardar da biro ka je teburinta ka gaishe ta, kace Hajiya tabarmar ta mutum nawa ce, ta roba ko ta kaba, ku cike tare.